Littafin Fadama da Gonar Baba Arzika

Kwanakin baya wasu samari biyu da wata budurwa suka zo gaishe ni. Aikinsu ajiye bayanan manoma a kwamfuta, wai an ce musu ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka riƙe littafin fadama tun zamanin En'e. Na ce su nuna mini yadda suke nasu aikin. Ɗayansu ya buɗe na'urarsa a kan gwiwa, ya kirawo sunan wani manomi, ya goge shi, ya sake mayar da shi, duk kafin in gama gyara tabarau.

Na ce, “Wa ya ga ka goge?”

Ya yi dariya ya ce, “Baba, ai ba sai wani ya gani ba. Lambar sirrin tana hannuna.”

Saboda wannan dariyar na ɗauki alƙalami. Ku da kuke ganin riƙon bayanan mutane aikin zaman inuwa ne, ku buɗe kunne. Ni da wannan aikin na raba wani bawan Allah da gonar shinkafarsa, alhali ban rubuta ƙarya ko ta harafi ɗaya ba. Sunansa Baba Arzika, masunci ne. Amma kafin in kai ku gonarsa sai kun san littafin, kun kuma san mutanen da na tarar a kansa.

Garin da na yi aiki yana bakin gulbin Kwara, tsakanin Illo da Kende. Ba zan kira sunansa ba, domin jikokin mutanen suna nan da ransu. In ka haura gulbi da jirgi, kafin rana ta faɗi ka shiga ƙasar Dahome, wadda ku kuka sani da Benin. Arzikin garin fadama ce. Duk shekara ruwa yakan hau ya rufe ta, ya kwashe kunyoyi da turakun iyaka, in ya janye sai ka ga fili fetal kamar ba a taɓa sa masa fartanya ba. Kafin a buɗe littafi, kowace bazara sai an fasa kan wani a kan iyaka. Shi ya sa aka ba kowace gona shafinta: sunan mai ita, sunan ubansa, alamar da ruwa ba ya iya ɗauka, kamar tsohuwar giyayya ko giginya ko dutse, sannan igiya nawa ce daga alamar zuwa kowace kusurwa.

Na shiga ofishin hakimi ina ɗan shekara ashirin, shekara biyu kafin mulkin kai, da takardar gama makaranta a aljihu da girman kai fal cikina. Wanda aka danƙa ni hannunsa shi ne Malam Bawa, wani siririn dattijo mai ƙaramin gemu, wanda ban taɓa jin ya yabi kowa ba sai ruwan randar ofis in ya yi sanyi. Ya dubi takardata, ya mayar mini, ya miƙo mini rula da fensir.

Jan layi na yi wata uku cur. Ba a bar ni na taɓa tawada ba. Kullum sai in ja layuka a kan tsofaffin takardu, Malam Bawa ya ɗaga su ya kanne ido ɗaya, ya ce wannan layin yana gudu zuwa Dahome, in sake. Da aka yarda in riƙe alƙalami mai bakin ƙarfe, sai aka koya mini yadda ake tsoma shi rabin baki kawai, yadda ake kwantar da takardar shan tawada ba tare da an goga ba, da yadda ake tace tawada da ƙyalle in ƙasa ta shiga. Igiyar awo ta rama ce, mai ƙulli-ƙulli, ba a aunawa da ita in ta jiƙe domin takan tsuke. Duk wannan na iya shi da wuri, har na fara jin na kama Malam Bawa.

Shafin farko da na rubuta a cikin littafin kansa na gonar wani mutumin Kende ne. Na gama, na duba shi sau uku, na tabbata ba aibu. Na ce, “Malam, na gama, na kuma duba.”

Ya ce, “Ka duba? Wa ya sa ka? Kai ka rubuta, ɗan boko, don haka idonka abin da kake so shi ka gani. Miƙo nan. Kai karanta takardar awo da ƙarhi, ni in bi littahi da yatsa.”

Na karanta, yana bi. A layi na huɗu yatsansa ya tsaya. Na tsallake kusurwa guda ɗungum, kuma sau uku idona ya bi ta kanta bai gani ba. Tun daga ranar haka muke yi kowace safiya, ni da murya, shi da yatsa. Shi ba ya rubuta sabon shafi, ni ba na duba nawa. Yana da kwalbar jan tawada da ba mai taɓa ta sai shi, da ita yake sa hannu a gefen duk shafin da ya duba.

Littafin yana kwana a akwatin ƙarfe da aka ɗora kan duwatsu huɗu, an barbaɗa toka a ƙarƙashi saboda gara, an cusa ganyen dogon yaro tsakanin shafuka. Mabuɗin akwatin yana wuyan Saje Gado, tsohon soja, ƙato, mai amon murya. Abin da ya fi ba ni dariya a lokacin shi ne Saje bai iya karatu ba, ko na boko ko na ajami. Na taɓa tambayar Malam Bawa me ya sa za a ba jahili mabuɗin littafi. Ya harare ni ya ce da gangan aka zaɓe shi. Mai mabuɗi ba ya iya rubutu, mu masu rubutu ba mu da mabuɗi, to ta ina ɓarna za ta shiga sai mun haɗa baki mu uku? Kuma wa zai haɗa baki da Saje, mutumin da ko hakimi ya aiko a buɗe akwati sai ya tambayi dalili?

Wata rana Malam Bawa ya tafi awo, sai ga wani akawu daga Dahome, tsaf-tsaf da shi, da takarda daga manyansa. Yana so ya kwafi sunayen Dendawan da ke tsallakowa suna noma a fadamarmu. Ni kuwa ina ɗokin in nuna wa ɗan'uwana akawu kyawun rubutuna, na ce wa Saje ya buɗe. Saje ya taso a hankali, ya je ya zauna a kan akwatin, ya miƙe ƙafafu.

Ya ce, “Umaru, mabuɗi na wuyana, amma izni ba ya wuyana, kai ko ba ya wuyanka. Tahi ka hwaɗa ma hakimi.”

Na tafi ina ƙunƙuni. Hakimi ya saurare ni, ya ce in gaya wa baƙo mutanen nan sun ba da sunayensu ne domin iyakar gona, ba domin wani abu ba, kuma abin da aka karɓa domin iyaka ba a ba da shi domin wata bukata. Aka ba baƙo fura ya sha, aka raka shi bakin ruwa. Har ya tafi Saje bai sauka daga kan akwatin ba.

Canjin suna shi ne aikin da ya fi cin rai. In mai gona ya rasu, ko an yi kyauta, ko an yi musaya, ni ba ni da ikon in ce ga sabon mai ita, Malam Bawa ma ba shi da shi. Maganar ta dagaci ce, domin shi ya san mutanensa, shi za a kama in ta ɓaci. Sai ya zo da kansa, da masu gonar, ya faɗa da bakinsa a gaban littafi. Saje ya buɗe akwati. Malam Bawa ya ja layi ɗaya siriri da jan tawada a kan tsohon suna, ta yadda har yanzu ana iya karanta shi. Ni in rubuta sabon suna a samansa da baƙa. Malam Bawa ya sa hannu, dagaci ya dangwala babban yatsa, Saje ya kulle. Suna ɗaya sai ya cinye mana hantsi guda. Na taɓa cewa ai shafin zai fi kyau in an share tsohon sunan gaba ɗaya. Malam Bawa ya ajiye alƙalami ya ce, “Kyau anka aiko ka nema? Bar tsohon suna shi zauna inda kowa ka ganinai. Ranar da anka yi gardama, shi za a hwara tambaya.”

Ina kewar waɗannan safiyoyin, ba zan ɓoye muku ba. Saje ya shigo mabuɗi yana kaɗawa a ƙirjinsa, ya yi sallama kamar yana kiran fareti. Malam Bawa ya fasa goro uku, ya ba kowa, ya riƙe ƙaramin. Manoma suna zaune a inuwar ƙofa suna jiran a karanta musu iyakarsu, in aka karanta sai ka ga mutum biyu da suka zo ba sa ga maciji sun tashi sun tafi tare. Ba wanda ya taɓa cewa a nuna masa shafin. An ce littafi ya ce, magana ta ƙare. A lokacin ina tsammanin kyawun rubutuna ne ya sa.

Sai mulkin kai ya zo. Mutanen Dahome sun riga mu da 'yan watanni, 'yan jirgi suka kawo mana labarin shagalinsu, mu ma da namu ya zo muka yi kiɗa har ƙafa ta gaji. Na yi murna ƙwarai, har yau ban yi da-na-sanin murnar ba. Amma Turawa suna tafiya, kujeru suka yi yawa a lardi, masu ilimin zama a kansu suka yi kaɗan. Duk wanda ya iya aiki sai a kira shi sama. Ba a yi shekara ba aka kira Malam Bawa. Aka ce za a aiko wani a madadinsa, muka yi ta zuba ido. Ranar da zai tafi ya toshe kwalbar jan tawadarsa da tsumma, ya ajiye ta a kan taga, ya ce ta wanda zai zo ce.

Bayan damina ɗaya ƙafafun Saje suka kumbura, 'yan'uwansa suka zo daga Geza suka tafi da shi. Da hannunsa ya cire igiyar mabuɗin ya rataya mini, domin ba wani a ofishin sai ni. Ya daɗe yana riƙe da igiyar bai saki ba.

Ya ce, “Ban so haka ba, Umaru. Alƙalami na hannunka, ga mabuɗi kuma. Allah shi tsare ka da kanka.”

Na ce amin, amma a zuciyata daɗi nake ji. Aikin mutum uku ya dawo hannuna, ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ni ke buɗewa, ni ke rubutawa, ni ke dubawa, ni ke kullewa. Abin da ke cin hantsi guda ya koma ɗan lokaci kaɗan. Mutane suka fara yabona, wai sabon malami ba ya ɓata wa kowa rana. Kaina ya kumbura, na fara ganin tsofaffin nan dama jan rai kawai suke yi.

Canjin suna na farko da ya same ni ni kaɗai shi ne na Baba Arzika. Lokacin ruwa ya cika, an gama girbi. Ya shigo da amininsa, wani tsoho mai suna Labbo, suna riƙe da hannun juna suna zolaya. Gonar da Arzika ya gada tana can tudun fadama, nesa da gulbi, shi kuwa rayuwarsa a jirgi take. Gonar Labbo tana kwari, daf da ruwa, shi kuma tsufa ya kama shi.

Labbo ya ce, “Malam, musaya munka yi. Gwiwoyin ga nawa sun ƙi ruwa, ba ni iya shiga kwari kuma. Shi ko wanga ɗan ruwa, ko barci cikin jirgi shi ka yi. Na ba shi tawa, ya ba ni tashi. Juya muna suna.”

Na ce, “Baba, sai dagaci ya zo ya faɗa da bakinsa.”

Baba Arzika ya ce, “Dagaci na gungu, Malam, ruwa ya raba mu da shi, sai ran kasuwa shi ka shigowa. Mu ko gobe da sassahe jirage za su tahi kamun kihi, ba mu komowa sai ruwa ya janye. Ga ni, ga Labbo, ga ka. Mi ya rage?”

Gungu shi ne tsibirin da dagacinsu yake zaune. Na dubi tsofaffin nan biyu, na san su, na san ba mai cutar wani a cikinsu. Na ga rashin kirki ne in mayar da su. Na ce to, su zauna.

Na buɗe akwati na fito da littafi. Idona ya kai kan jan tawada a taga, na ce a raina wannan ba tawa ba ce, ba ni da ikon taɓa ta. Kuma in mai duba ofisoshi ya zo daga lardi ya ga jan layi ba sa hannun mai dubawa, ba yatsan dagaci, zai tsare ni da tambaya. Ku ji irin wayon ɗan boko: ina gudun in karya ƙaramar doka, sai na ɗauko reza. Na kwantar da bakinta, na kankare sunan Labbo a hankali, ina hurewa, har takarda ta yi fari. Na murje wurin da bayan farce don kada tawada ta bazu. Na rubuta Arzika. Na juya ɗaya shafin na yi haka nan, na rubuta Labbo. Aikin ya yi kyau, wallahi ya yi kyau, in ba ka sani ba sai ka rantse haka aka rubuta tun farko. Suka sa mini albarka suka tafi. Mu uku ne kawai a ɗakin.

Na yi niyyar in gaya wa dagaci ran kasuwa. Ya shigo kuwa, amma ofis ya cika da mutane, na ce sai mako mai zuwa. Da makon ya zo sai na lura ba inda zai dangwala yatsa, domin shafin bai nuna an canza komai ba. Na bar maganar, kwanaki suka rufe ta.

Shekara uku Baba Arzika yana aikin gonar nan. Labbo ya daɗe bai iya nome ta duka ba, ciyawar burugu ta cinye rabinta, mai saiwa kamar igiya. Arzika da iyalinsa suka shiga taɓo har ƙugu suna tumɓuke ta da hannu, bazara bayan bazara, har gonar ta zama abin nuni. Yakan ɗaure jirginsa a gindin giyayyar da ke kusurwarta, ya duba shinkafa, ya wuce ya duba taru. A shekara ta biyu Labbo ya rasu, Arzika ne ya shiga kabarinsa ya karɓe shi.

Sai muguwar shekara ta zo. Damina ta yi rowa, gulbi bai hau ba. Tudun fadama ya bushe ya tsattsage, shinkafa ta ƙone tun tana ƙarama. Gonakin kwari ne kawai suka yi kore, ta Arzika a gaba. A wannan shekarar ne Dikko, ɗan Labbo, ya dawo daga Kurmi bayan shekaru, da mata da 'ya'ya, ba ko sisin hatsi a rumbu. Ban ce mugu ba ne. Shi dai ya san tun yana yaro gonar kwari ta ubansa ce, ya dawo ya tarar da wani a ciki, aka nuna masa busasshen tudu aka ce ga gadonsa. Ya kai ƙara gaban alƙali.

Ranar shari'a na ɗauki littafi a ka, hankalina kwance, domin na san gaskiya tana ciki. Alƙali ya ce in karanta shafin gonar kwari. Na karanta da ƙarfi: Arzika. Mutane suka yi gyaran murya, wasu har sun fara neman takalmansu.

Dikko ya ce, “Allah shi gahwarta malam, ina tsaye ranar da anka ja igiya gonar ga. Sunan babana anka rubuta, da kunnena na ji Malam Bawa ya maimaita. In an canza, ina jan layi?”

Alƙali ya karɓi littafin ya duba, bai ga komai ba. Sai ya tashi ya je bakin ƙofa, ya ɗaga shafin shi kaɗai ya saita shi da rana. Inda na kankare ya haska kamar ɗigon mai a takarda, sunan Arzika yana zaune a tsakiyarsa. Na baya ma sun gani.

Ya dawo ya zauna, ya ce, “Malam Umaru, wa ya rubuta wanga?”

Na ce, “Ni ne, Allah ya gafarta malam. Musaya suka yi a gabana.”

“Wa ya duba?”

“Ni ne.”

“Mabuɗi hannun wa shi ke?”

“Hannuna.”

Ya juya ga dagaci. Dagaci mutumin kirki ne, kuma yana son Arzika, na ga yadda maganar ta yi masa nauyi. Ya ce, “Na ji a kasuwa an ce sun yi musaya, na ga Arzika na noma, ban ga Labbo ya hana ba. Amma aro ne, ko musaya ce, ban sani ba, don ba a kira ni gaban littahi ba. Abin da kunnena ya tsinta kasuwa ba ni rantsuwa bisa nai.”

Na ce ni shaida ne, zan rantse. Alƙali ya girgiza kai ya ce hannun da ya kankare ba zai zama shaidar kankararsa ba, in kawo wani. Wa zan kawo? Labbo yana ƙasa. Alƙali bai zalunci kowa ba, ni ne na bar shi ba abin kamawa. Ya yanke cewa shinkafar bana ta wanda ya shuka ce, amma bayan girbi kowa ya koma gonar da aka san ubansa da ita. Baba Arzika ya dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba, irin duban wanda bai gane abin da ya faru ba.

Abin bai tsaya a gona ba. Kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka wai da kifi Arzika ya sayi sunansa a littafi, wai tun aminin nasa yana da rai yake haƙonsa. Mutumin da ake ba wa wuri a sahun gaba ya zama in ya zo majalisa sai hira ta mutu. Dattijo ne mai kunya, bai iya ɗaukar wannan ba. Dangin matarsa suna can Dahome, ya aika musu yana tafe.

Ni ba a kore ni ba. Na je na durƙusa gaban hakimi na cire mabuɗin daga wuyana na ajiye, na ce ba zan ƙara riƙe shi tare da alƙalami ba. Aka ba wani dattijo, aka kuma roƙi wani malamin makaranta ya riƙa zuwa dubawa ranar Asabar. Da muka buɗe jan tawadar Malam Bawa ta bushe ƙamas, sai da aka aiko da wata. Na ƙara shekaru masu yawa a aikin, ban sake taɓa reza ba sai don aski. Amma littafin bai koma yadda yake ba. Duk wanda aka karanta masa iyakar da ba ta yi masa daɗi ba sai ya ce, “A ɗaga ma rana mu gani.” Shafukan da Malam Bawa ya bi da yatsa, waɗanda ba su da laifin komai, su ma sai an ɗaga su. Duk lokacin da na ji wannan maganar sai in ji kewar Malam Bawa da Saje.

Saboda haka ku masu kwamfuta, ban ce ku maƙaryata ne ba. Ni ma ban kasance ba. Ku dai tambayi kanku: maganar da ke cikin na'urar ta wace ce, wa ke da ikon cewa a canza, wa ke duba bayan wanda ya shigar, wa ke riƙe da ƙofa, kuma in an canza ina tsohon yake zama? In amsar duka sunan mutum ɗaya ce, ko da waliyyi ne, ku ji masa tsoro, ku kuma ji wa manoman tsoro.

Ranar da Baba Arzika zai tashi, bayan girbi, na je bakin ruwa da hantsi. Ya loda jirage biyu: taruna, tukwane, tabarmi, da buhu guda na irin shinkafar da ya ware daga gonar. Masu rakiya ba su da yawa. Na durƙusa a kan taɓo, na ce, “Baba, ka yafe mini. Ni na jawo maka.”

Ya kama kafaɗata ya tashe ni, ya ce, “Tashi, Malam, tuhwanka za su ɓaci. Alheri ka yi nuhi, na sani. Ni na matsa ma.”

Ya shiga jirgi ya ɗauki gora, sai kuma ya tsaya kamar ya tuna wani abu.

Ya ce, “Malam, ranar nan da munka zo da Labbo. Da ka ce mu jira dagaci, kwana nawa za mu yi?”

Na ce, “Laraba kuka zo, Baba. Kasuwa Lahadi ce.”

Ya lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a na huɗu. Ya juya ya dubi wajen kwari, inda Dikko ya riga ya fara kafa turaku, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Kwana huɗu. Da na jira, Malam. Wallahi da ka ce in jira, da na jira.”

Ya kafa gora ya tura. Na tsaya a wurin har jiragen suka sha kwana bayan gungu. Bai sake taka garin ba.